Tambayoyinku Kan Fasaha: ChatGPT Ya Ba Ni Shari'o'in Da Babu Su A Laburare

Tambaya: Malam ina aji biyar a tsangayar shari'a, ina rubuta furojet kan rikicin zaɓen fidda gwani. ChatGPT ya ba ni shari'o'i bakwai da lambobinsu tsaf, amma biyu kawai na samu a laburare. Akwai manhajar da za ta nemo min sauran? Daga wani ɗalibi a Kabuga.

Amsa: Ƙanina, wace manhaja ce za ta nemo maka shari'ar da ba a taɓa zamanta ba? Wallahi wannan abu yana ci min tuwo a ƙwarya, kusan kullum sai na samu irin wannan saƙo. ChatGPT fa ba rumbun hukunce-hukunce ba ne, kalmomi yake jerawa bisa abin da ya saba gani, shi ya sa zai ƙera maka sunan shari'a da shekara da shafi kamar gaske alhali ƙanzon kurege ne. A 2023 a New York ta Amurka, a shari'ar wani mutum mai suna Mata da kamfanin jirgin Avianca, lauyoyi suka kai wa alƙali shari'o'i shida na bogi da ChatGPT ya ba su, aka ci su tarar dala 5,000. Waɗancan fa manyan lauyoyi ne, balle kai da ko Law School ba ka leƙa ba.

Ɗauki wannan misali tunda ya shafi batunka: Amaechi v. INEC (2008) 5 NWLR (Pt. 1080) 227. Shekara ce, sai juzu'i, sai NWLR wato jerin littattafan da ke tattara hukunce-hukuncen kotunan Najeriya, sai lambar Pt wato lambar kashin littafin, sai shafi. Ka je kan kantar laburare ka zaro Pt. 1080 ka buɗe shafi na 227 da hannunka. Tun da marigayi Gani Fawehinmi ya kafa NWLR a 1985 lambobin Pt ɗin a jere suke tafiya, saboda haka in ka ga an ba ka shari'ar 2015 da Pt. 600, to ka san an yi maka sakiyar da ba ruwa. Shari'ar da ke ɗauke da LPELR kuma ta LawPavilion ce, wato rumbun hukunce-hukunce na intanet, a can za ka zuba lambar ka gani. Su ma biyun da ka samu kar ka tsaya a taƙaitawar da ke sama, karanta hukuncin kansa, don sau tari shari'ar tana nan amma ba ta faɗi abin da aka jingina mata ba. Ni dai kullum nasihata, ka ɗauki hoton shafin farko da wayarka, ka buɗe Excel ka rubuta kowace shari'a da inda ka gan ta da idonka. Wacce ba ta shiga Excel ba kar ta shiga furojet.

Tambaya: Na nemi hukuncin Kotun Ƙoli a Google Scholar ban samu ba. Daga wata ɗaliba a Gwale.

Amsa: Ƙanwata, kin je Kwari neman tumatir. Sashen shari'o'in Google Scholar na kotunan Amurka ne. Na Najeriya gwada NigeriaLII, na Ingila BAILII, duk kyauta ne.

Tambaya: An turo min hukunci a PDF ta WhatsApp, ina danna Ctrl+F ba ya nemo komai. Daga wani lauya a Zoo Road.

Amsa: Barista, hoto aka ɗauka ba rubutu ba ne. Ɗora shi a Google Drive ka buɗe da Google Docs zai mayar maka rubutu, amma ka sake duba lambobin shafi da na asali, yakan rikita 1 da 7.