Amsa: Ta ina za mu taimaki iyalan ɗan sandan da ya rasu?

Malam, Allah ya jiƙan maƙwabcin naku, ya saka muku da alheri. Ka ce kun haɗa kuɗi a unguwa, kuna tambaya ko ku kai wa POWA, ƙungiyar matan 'yan sanda, ko ku damƙa wa matar kai tsaye.

Ni dai a ganina ku ba ta hannu da hannu, gaban shaidu biyu. POWA tana tallafa wa matan mamata, amma mabuƙata sun yi mata yawa.

Abin da ya fi kuɗin naku ma shi ne ku taya ta bin haƙƙin mijinta. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta inshorar rai da ba ta gaza albashin shekara uku ba, ga kuma abin da ya tara a asusun fanshonsa. Sai dai kuɗin asusun fanshon ba sa fitowa sai da takardar shaidar rasuwa da ta izinin kula da gado daga kotu, kuma a nan ne mata da yawa ke gajiya su haƙura. Ku samo mai ilimi ya riƙa raka ta hedikwatar 'yan sanda ta jiha.

In a bariki suke zaune, ku fara tanadin kuɗin haya tun yanzu, domin gidan na gwamnati ne.