Zauren Tambaya: Ƙauyen da Damina Ta Tare a Cikinsa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba Malam. Musu ne ya kaure a majalisarmu ta wurin mai shayi, har yau an kasa raba gardama. Wani abokinmu da ya yi aikin gini shekara biyu a Malabo ya ce akwai wani ƙauye a tsibirin can da ruwan saman da ake yi masa a shekara ɗaya ya fi na Kano na shekara goma. Mu dai mun ce ya cika baki, irin na wanda ya je inda ba mu je ba. An yi alkawari wanda ya sha kaye shi zai biya shayin mako guda. Idan kuma gaskiya ce, ashe mutanen nan sun fi kowa hatsi a duniya ke nan?
Daga wani tela a Kazaure, Jihar Jigawa.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗana, ku fara haɗa kuɗin shayi, domin abokinku bai yi ƙarya ba. Sunan ƙauyen Ureka, a takardun Sifaniyanci kuma San Antonio de Ureca. Yana can ƙarshen kudu na tsibirin Biyoko, a ƙasar Ikwatoriyal Gini, tsibirin da iyayenmu suka sani da Fanando Fo. Ana lissafa masa ruwan sama wajen milimita 10,450 a shekara, shi ya sa duk inda ake jera wuraren da suka fi shan ruwa a Afirka, shi da Debunsha ta ƙasar Kamaru ne a sahun gaba.

Na san milimita ba ta cika shiga kunne ba. Shekara talatin na yi ina koyar da labarin ƙasa a sakandare, kuma ban taɓa ganin yaron da ya girgiza don an ce masa milimita kaza ba. Abin da nake yi musu shi ne in kai su bayan aji inda gangar ruwa take, irin ta man nan mai cin lita 200. Tsayinta bai kai mita ɗaya ba. Da za ka buɗe bakinta ka ajiye ta a fili a Kano, ba a ƙarƙashin indararo ba, kuma rana ba ta shanye komai ba, to daminar shekara guda cur da ƙyar za ta cika ta. A Yamai ba za ta wuce kashi biyu cikin uku ba. A Agadas kuwa ko rubu'i ba za ta kai ba. To a Ureka, ganga goma sha biyu za ka ɗora bisa juna, ka ɓula tsakaninsu, kafin su ɗauke ruwan shekara. Tsayin bene mai hawa uku ke nan.

Dalilin ba wani sihiri ba ne, kuma da mu a ciki. Iskar damina da muke jira duk shekara, wadda take kaɗowa daga kudu maso yamma idan bazara ta yi nisa, daga Tekun Atlantika take tasowa, jiƙe sharkaf da laima. Kafin ta iso Kazaure sai ta ratsa Legas, ta ratsa Ilori, ta haye kogin Neja, tana zubar da kayanta a hanya, abin da ya rage a gindin buhu shi ne rabonmu. Ureka kuwa a bakin ƙofa yake zaune. Iskar tana barin teku sai ta yi karo da tsaunin da ke bayan ƙauyen, tsohon dutse mai aman wuta da ya haura mita 2,000, ga shi ya miƙe tsaye ba nisa da gaɓa. Ba ta da hanya sai ta hau. Tana hawa tana yin sanyi, tana yin sanyi tana sakin ruwa, kamar yadda mace take matse jiƙaƙƙen zane. Shaidar haka, Malabo da abokinku ya zauna, tana arewacin wannan tsibiri ɗin dai, tsayinsa duka bai fi kilomita 70 ba, amma ita ruwanta wajen milimita 2,000 ne. Tsauni ya riga ya tatse iskar kafin ta tsallako.

Ni ban taka Ureka ba, hangen Dala na yi. Wata shekara na raka wani ƙanena fatauci Kamaru, muka sauka Limbe. Rairayin bakin tekun nan baƙi ne wuluk kamar garin gawayi, na dintsa a hannu na ga ba ya ɓata tafi, dutsen aman wuta ne igiyar ruwa ta niƙe. Kwana uku muna garin gajimare ya rufe ko'ina. Ran na huɗu da asuba gari ya washe, sai ga wani tsauni can tsakiyar teku, shuɗi-shuɗi, kamar an kifa ƙwarya a kan ruwa. Wani masunci ya ce mini ai Malabo ke nan. Tsaunin Basile ne, mai mita 3,011, mafi tsawo a tsibirin. Tsakanin gaɓar Kamaru da Biyoko kilomita 32 ne a inda suka fi kusa. Abin da ya fi tsaya mini a rai daga tafiyar nan, takalmin fata da na ajiye ƙarƙashin gado, kwana biyar kawai ya yi funfuna fari fat. A Limbe ke nan, wadda ruwanta bai kai rabin na Ureka ba.

Wannan takalmi shi ne amsar tambayarka ta biyu. Mu nan idan aka ce ruwa, rumbu muke gani, don ba mu taɓa ƙoshi da shi ba. Amma kai ɗan manomi ne ko da kana kan keke, ka san gero ruwa kaɗan yake so, sannan yana so a ɗauke masa ruwan ya bushe a kan kara. Ka tuna shekarun da marka ta zarce, yadda wake yake ruɓewa a gona, gyaɗa ta tsiro tun ba a cire ta ba? To ka ɗauka markar nan ce ta ƙi tafiya wata da watanni. Ba gero, ba dawa, ba inda za a shanya, ba rumbun da zai riƙe hatsi. Mutanen Ureka 'yan ƙabilar Bubi ne, asalin masu tsibirin, harshensu dangin harsunan Bantu. Abincin Bubi tun kaka da kakanni doya ce da gwaza, sai agada, sai kwakwar manja da suke samun mai da bammi daga gare ta, sai kifi da naman daji. Duk abin da ake tonowa ko a sare a ci yau ko gobe. Ƙasar tana da kyau, tokar dutse ce, amma ruwa mai yawa haka wanke taki yake yi, ga sauro, ga rafuka da sukan cika su tumbatsa cikin sa'a guda su raba mutum da gonarsa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa game da ƙauyen ma ba yawan ruwan ba ne, yadda ruwan ya zame masa ganuwa ne. Turawan Sifaniya sun cika arewacin tsibirin da gonakin koko, amma kudancin ya gagare su. Har kusan jiya-jiya ba hanyar mota zuwa Ureka. Ko dai ka shiga kwale-kwale daga Luba, wani gari a gaɓar yammacin tsibirin, ka zagayo, ga teku mai haushi ba tashar sauka, ko ka sauko da ƙafa daga Moka, garin kan tudu inda sarkin Bubi yake zaune a da, ka wuni kana ratsa kurmi da santsi. Saboda haka kurmin ya tsira yadda Allah ya halitta shi. A shekarar 2000 gwamnati ta ayyana yankin a matsayin gandun da aka keɓe, ana kiransa Gran Kaldera ta Luba. A ciki akwai birai iri-iri, har da wani jan biri da ba a samunsa ko'ina a duniya sai Biyoko.

Sannan ga baƙin da ke zuwa musu duk shekara. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da mu muke fama da hunturu su kuma ruwa ya ɗan yi musu sauƙi, kunkurun teku iri huɗu suke fitowa gaɓar kudu su yi ƙwai. Babbarsu bayanta ba ƙoƙo ba ne irin na kunkurunmu, kamar jemammiyar fata yake, kuma nauyinta kan kai na bijimi. Da dare take fitowa, tana jan ciki tana nishi, ta haura inda igiyar ruwa ba ta kaiwa. Ta sa ƙafafun baya ta haƙa rami mai zurfi, tana kwasar rairayi a hankali kamar mai ɗibar gari da ludayi. Ta zuba ƙwai kusan ɗari, farare, kewayayyu, ɓawonsu da taushi. Ta binne, ta baje wurin don ɓad da sawu, ta koma teku ba waiwaye. Bayan wata biyu 'ya'yan su fasa su fito su nufi ruwa da kansu. A da mutanen Ureka suna kama su, su ci, su sayar a Malabo. Daga baya masu binciken dabbobi, ciki har da wani shiri na haɗin gwiwa tsakanin jami'ar ƙasar da Jami'ar Drexel ta Amurka, suka riƙa ɗaukar 'yan ƙauyen aiki suna kwana a gaɓa suna ƙirga ramukan ƙwai. Mafarauci ya koma mai gadi, da albashinsa.

Wajen 2014 aka kammala titin kwalta daga Luba har Ureka. Ba zan zauna a nan Kano, ina hawa Adaidaita in je asibiti, in ce bai kamata a yi musu titi ba. Mace mai naƙuda a ƙauyen da ba hanya ta fi ni sanin amfaninsa. Sai dai titin da ya fitar da mara lafiya shi ne ya shigo da mai bindiga daga birni. Tun 2007 aka haramta farautar birai a ƙasar, amma masu bincike ba su daina kukan cewa naman biri yana isa kasuwar Malabo ba, kuma kunkuru da a da sai an sha wuyar teku kafin a fitar da ita, yanzu bayan mota ya ishe ta.

Ka gaishe da 'yan majalisa. Shayin ya zama da madara, don mutumin nan kun daɗe kuna ƙaryata shi.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Marigayi mahaifinmu yakan ce ya yi shekaru a wani wuri wai shi Fanya kafin ya auri mahaifiyarmu, kuma jirgin ruwa ne ya dawo da su ba shiri. Mun duba taswira ba mu ga Fanya ba. Ina ne?
Daga wata malamar asibiti a Jimeta, Jihar Adamawa.

AMSA: Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Malama, wasiƙarki ta yi makonni a aljihun jakata, ina jiran ranar da za ta sami abokiyar tafiya, sai ga ta telan Kazaure. Tsibiri ɗaya kuke tambaya. Ba za ki ga Fanya a taswira ba, don ba sunan hukuma ba ne. Mutanen gabashin Najeriya ne suka gutsure Espanya, sunan Sifaniya a bakin masu ita, suka ce Panya, bakin Bahaushe kuma ya mai da ita Fanya.

Sunan Fanando Fo na wani matuƙin jirgin Fotugal ne da ya iso wurin wajen 1472. A 1778 Fotugal ta miƙa wa Sifaniya tsibirin. Ingilishi ma sun ɗan zauna, su suka kafa garin da ya zama Malabo a 1827, suna amfani da shi wajen tare jiragen masu safarar bayi. Bayin da aka 'yanta da baƙin da suka zo daga Saliyo su ne tushen wani Turancin buroka da ake yi a can har yau, ana ce masa Pichi, wanda ɗan Najeriya zai tsinci abin tsinta a ciki.

Koko ne ya ja mutanenmu. Gonakin suna buƙatar hannu, Bubi ba su da yawa, don haka aka juya Najeriya. A 1942 Ingila da Sifaniya suka ƙulla yarjejeniyar ɗaukar 'yan ƙwadago, ana ɗibarsu ta Kalaba a kan kwantiragi na shekaru. Akasarinsu Ibo ne da Ibibiyo da Efik. Bahaushe kuwa kin san halinsa, inda duk aka tara ma'aikata masu karɓar albashi sai ya bi su da tire da tabarmar salla, shi ya sa har yanzu akwai Hausawa cikin Musulmin Malabo. Aikin gonakin da wuya yake: bulala, ƙarancin abinci, riƙe wa mutum rabin kuɗinsa sai ya gama wa'adi.

Ƙasar ta sami 'yanci ranar 12 ga Oktoba, 1968, ta faɗa hannun Masiyas Ngema, wanda ya yi mulkin da ya kori jama'a masu ɗimbin yawa gudun hijira, har ya laƙaba wa tsibirin sunan kansa a 1973. Aka daina biyan 'yan ƙwadago, aka riƙa dukansu, aka kashe wasu. Zamanin Janar Murtala, daga ƙarshen 1975 zuwa farkon 1976, gwamnatin Najeriya ta aika jiragen ruwa da na sama ta kwaso dubun-dubatar 'yan ƙasarta. Da yawa sun baro kaya da haƙƙinsu a can. Maganar Baba ta dawowa ba shiri ta yi daidai da wannan kwasa. Suna tafiya noman koko ya durƙushe, bai sake komawa yadda yake ba. A 1979 Obiyang Ngema ya kifar da Masiyas, aka sa wa tsibirin Biyoko.

Idan akwatin Baba yana nan, ki sa a buɗe a duba takardun ƙasan. In kin ga wata da rubutun da ba Turancin Ingila ba, ki nemi kalmomin Santa Isabel a kusa da hatimi. Sunan Malabo ke nan a zamanin da ya sauka can.