Layin za ka gwada, ba haruffan ɗalibi ba

Ka ce ka gina atisayen lissafi a Desmos, manhajar zana giraf: ga layi a kan giraf, ɗalibi ya rubuta ikweshan ɗin da zai hau kansa. Amsarka y = 2x + 3, wata yarinya ta rubuta y = 3 + 2x, manhaja ta ce ta faɗi. Shi ne kake tambaya ko sai ka jera duk hanyoyin rubuta amsar.

A'a, ɗana, ba za su jeru ba. 2y = 4x + 6 layin nan ne, y − 2x = 3 ma shi ne. In ka biye wa haruffa, kullum sai an sami wanda ya zo da sigar da ba ka tanada ba, kuma galibi shi ne ya fi kowa gane darasin. Kayar da irin wannan yaro zalunci ne.

Ɗauki ɗigogin da ke kan layinka, kamar (0, 3) da (1, 5) da (−2, −1). Sa manhaja ta zuba x da y na kowanne cikin abin da ɗalibin ya rubuta, ta ɗebe gefen dama daga gefen hagu. In sifili ya fito, ɗigon yana kan layinsa. A Desmos ana rubuta wannan umarni a Computation Layer, wato sashen da malami ke ba manhajar umarni; a GeoGebra, wata manhajar lissafi, ma dabarar ɗaya ce. Kuma tana karɓar layi tsaye irin x = 4, wanda ba ya rubutuwa da y a gefe guda.

To amma kula. A aji mun koyar cewa ɗigo 2 sun isa su tsayar da miƙaƙƙen layi. Gaskiya ne, sai dai wa ya ce maka miƙaƙƙen layi yaron zai rubuta? Gwada y = 2x² + 3. A x = 0 ya ba ka 3, a x = 1 ya ba ka 5. Ya bi ta ɗigoginka biyu, alhali lanƙwasasshe ne, a x = 2 yana kan 11 naka yana kan 7. Don haka sa ɗigo 4 ko 5, a warwatse, wani a ɓangaren ƙasa da sifili, wani mai ɓari kamar 2.5. Sannan ƙara guda wanda ba ya kan layin, wanda dole ya ƙi fitar da sifili. In babu shi, mai wayo zai rubuta y = y ya cinye maki.

Kada ka nemi sifili cif. Kwamfuta ko 0.1 da 0.2 ta haɗa ba ta samun 0.3 daidai, akwai ɗan burbushi a can ƙarshe. Ce mata duk abin da bai kai 0.001 ba sifili ne. Da wannan ma'auni, wanda ya sa 0.33 a madadin 1/3 zai faɗi, kuma ni haka na fi so, muddin ka gaya wa ɗaliban tun farko.

Abin da ya fi damuna a aikin naka shi ne jan rubutun nan da manhajar ke nuna wa ɗalibi mai cewa ba daidai ba. Me yaro ya koya daga shi? Bar layinka a tsittsinke, nasa ya fito a cike a kansa. Wanda ya rubuta y = 3x + 2 zai ga da idonsa layinsa ya fi miƙewa sama, kuma ya yanki sandar y a 2. Shi da kansa zai gane ya musanya lambobin. Kada ka dogara da launi kaɗai wajen bambanta layukan, akwai yaran da ba sa rabe ja da kore.

In katunan haɗawa za ka yi, giraf da ikweshan, samo na ruɗin daga kurakuran da ke cikin littattafansu: y = 3x + 2, y = −2x + 3, y = 2x − 3. Sa kati ɗaya da ba shi da abokin haɗi, don kada na ƙarshe ya haɗa kansa.

Kafin ka tura wa aji, buɗe shi a ƙaramar waya. In lambobin da ke jikin sandunan ba sa karantuwa, taƙaita giraf ɗin daga −6 zuwa 6, ka kulle shi, ka tabbatar layin yana ratsa mahaɗar layukan giraf ɗin masu kama da gidan dara. Gyara ka kawo mini mu gwada masa amsoshin banza tare.