Amsa kan sayen motar tsere a shekarar farko da aka sake mata fasali

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na karanta tambayarka, inda ka ce kana zaune a Amurka, kamfanin da ke ƙera motar tseren da ka daɗe kana sha'awa ya sake mata fasali, dila kuma yana matsa maka ka ba da kafin alƙalami domin ka shiga sahun farko, sannan kana da niyyar kai ta Abuja idan ka tashi komawa gida. Shawarata ita ce ka bar shekarar farko ta wuce, sai fa idan ka bincika ka tarar cewa inji da giyar da ke cikinta an riga an daɗe ana amfani da su a wasu motoci. Na jima ina harkar shigo da motoci daga can ta Kwatano da Legas, kuma abin da na lura shi ne masu saye sun fi damuwa da sabuwar fuskar mota, alhali abin da ke jawo asara yana ƙarƙashin bodi ne.

Dalilin da ya sa shekarar farko ke da haɗari ba wai kamfanoni ba sa gwaji ba ne. Suna gwadawa ƙwarai, cikin zafin hamada da cikin ƙanƙara, amma motocin gwaji ƙalilan ne, kuma injiniyoyin da suka san su ne ke tuƙa su. Da zarar an fara sayarwa, mota ta shiga hannun dubban mutane masu hali daban-daban, ma'aikatan masana'anta ba su gama sabawa da sabon tsarin haɗawa ba, su kuma ƙananan kamfanonin da ke kawo kayan haɗin yanzu suka fara ƙera su da yawa. A nan ne aibin da gwaji bai tono ba yake fitowa, kuma wanda ya fara saye shi ne zakaran gwajin dafi.

Dubi abin da ya faru da Porsche 911 GT3 a farkon 2014. Motoci biyu sun kama da wuta a Turai, kamfanin ya ce wa masu ita su daina tuƙawa, bincike ya nuna wata ƙusa ce da ke riƙe sandar fistan take kwancewa, daga ƙarshe aka sauya injin dukkan motoci 785 da aka riga aka fitar. Porsche ya ɗauki nauyin aikin, amma waɗanda suka biya kuɗi masu yawa sun yi watanni motarsu tana ajiye. Ita ma Chevrolet Corvette ta 2020, wadda aka mayar da injinta bayan direba a karo na farko, an yi mata kiranye, wato kamfani ya nemi masu ita su kawo ta a gyara musu, a shekarar da ta fito saboda murfin gaba yana iya buɗewa ana cikin tafiya. Wannan gyara mai sauƙi ne ga wanda ke kusa da dila, kuma ka riƙe wannan sharaɗin na kusanci, domin zan komo kansa.

Akwai wata asarar da ke yi wa masu irin wannan mota ciwo fiye da lalacewar motar, kuma ba a cika ambatonta ba. Toyota GR Supra ta 2020 ta fito da ƙarfin doki 335 a Amurka, mutane suka yi rububinta, wasu har da biyan ƙari a kan farashin kamfani. Ba a cika shekara da fara sayar da ita ba aka sanar cewa ta 2021 za ta zo da ƙarfin doki 382, kuma bambancin ya haɗa da sababbin fistan da sabon tsarin fitar hayaƙi, wato ba abin da za a saita a kwamfuta a ƙara wa tsohuwar ba ne. Masu son giyar hannu kuwa sai a samfurin 2023 aka ba su. Mazda MX-5 da aka sake a 2016 ta zo da doki 155, a 2019 ta koma 181. Wannan ɗabi'a tsohuwa ce: Corvette ta 1984, wadda aka jinkirta har babu samfurin 1983 a kasuwa, tana da doki 205, amma ta 1985 ta samu sabon tsarin feshin mai da doki 230. Motar da babu abin da ya same ta sai ka ga darajarta ta sauka a rana ɗaya, don kawai ƙanwarta ta fi ta ƙarfi.

Sai dai kada ka ɗauka jiran shekara ɗaya yana wanke kome. Motar tsere ba a sayar da ita da yawa, kuma masu ita ba sa hawanta kullum, yawanci sai ƙarshen mako, saboda haka aibin da mota irin Corolla za ta nuna cikin watanni kan ɗauki shekaru bai bayyana a cikinta ba. Subaru BRZ da tagwaiyarta ta Toyota, samfurin 2013, sai a ƙarshen 2018 aka yi musu kiranye saboda sifirin ɗin bawul da ke iya karyewa. Porsche 911 ta farko mai sanyaya inji da ruwa, wadda ake kira 996, ta yi suna da matsalar wani boris a cikin inji, kuma wannan matsala ta bi motar shekara da shekaru, har sai da aka sauya tsarin injin gaba ɗaya a samfurin 2009. Wanda ya jira shekara ta biyu a nan bai tsira da kome ba. Jira yana kawar da kurakuran haɗawa da na kwamfuta, yana kuma ba ka damar jin koken waɗanda suka riga ka, amma kuskuren da ke cikin ainihin zanen inji sai an daɗe ake gane shi.

Shi ya sa nake ganin tambayar da ta fi amfani ita ce: mene ne sabo a cikin motar? Kalmar sabon fasali da kamfanoni ke talla da ita tana ɗaukar abubuwa masu nisa da juna. Nissan Z ta 2023 ta zo da sabuwar kama, amma ginshiƙinta, wato shasin da aka ɗora bodi a kai, na tsohuwar Nissan 370Z ne da aka gyara, injinta mai doki 400 kuma ya riga ya yi shekaru yana aiki a Infiniti Q50 da Q60. Ita kuwa Corvette ta 2020, an sauya wa inji mazauni, an sa sabuwar giya mai kulochi biyu, an sake ginshiƙi da tsarin lantarki, duk a lokaci guda. Dukansu ana ce musu sababbi, amma haɗarin ta biyun ya ninka na ta farkon. Idan inji sabo ne, giya sabuwa, ko an koma wata masana'anta, ni ba na ba abokin cinikina shawarar shiga sahun farko.

Yanzu ga batun kai ta gida, wanda a wurina shi ne ya yanke hukunci. A Amurka garantin da Chevrolet da Toyota da Nissan ke bayarwa shekara 3 ne ko mil 36,000 a kan mota gaba ɗaya, da shekara 5 ko mil 60,000 a kan inji da giya, kiranye kuma kyauta ake yinsa a wurin dila, ga kuma dokokin jihohi da ke tilasta wa kamfani ya karɓi sabuwar motar da ta ƙi gyaruwa. Duk wannan kariya akasari a bakin tashar jirgin ruwa take tsayawa. Na ga sabuwar mota mai tsada da ta yi watanni a garejin Abuja ƙura na hawa kanta, ba don makaniken bai iya aiki ba, sai don na'urarsa ta binciken mota ba ta san kwamfutar motar ba tukuna, kayan gyaran kuma ko a ƙasar da aka ƙera ta layi ake bi. A shekarar farko babu kayan tokumbo, babu na wasu kamfanoni, babu motocin haɗari da za a ciro kaya daga jikinsu. Ka ƙara da cewa waɗannan injina fetur mai babbar daraja suke buƙata, gidajen manmu kuwa galibi iri ɗaya suke sayarwa, ga zafin watan Afrilu da ke gwada lagireto da man giya fiye da yadda aka saba a can.

Gaskiya ne wasu sun ci riba da shekarar farko. Yajin aikin ma'aikatan General Motors na 2019 da annobar korona sun rage yawan Corvette ɗin da aka ƙera a 2020, har wadda aka hau ana sayar da ita sama da farashin sabuwa. Wannan sa'a ce da ƙarancin kaya ya haifar, kuma ba zan so ka gina lissafinka a kanta ba.

Idan zuciyarka ta ƙi haƙura, to aƙalla kada ka biya ko dala ɗaya sama da farashin kamfani, kuma ka tabbatar a rubuce cewa kafin alƙalaminka zai dawo idan ka fasa. Ka nemi wadda aka haɗa a watannin ƙarshe na shekarar, domin kamfanoni kan sauya kayan da suka ba da matsala ba tare da sanarwa ba, kuma watan da aka ƙera mota yana rubuce a takardar da ke manne a bakin ƙofar direba. Sannan ka hau ta sosai a can, shekara ɗaya ko biyu, yadda duk abin da zai lalace zai lalace a aljihun kamfani. Kafin ka sa ta a jirgi kuma, ka shigar da lambar shasinta a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, ka ga ko akwai kiranyen da ba a yi ba, ka sa dila ya sabunta mata kwamfuta, ka haɗo matatun mai da takalman birki da man giyarta na asali a cikin kwantenar.