Fentin falo ruwan ƙasa mai matsakaicin haske

Kin ce kina son fentin falo ruwan ƙasa-ƙasa, wanda bai yi fari ba kuma bai yi duhu ba, amma kina tsoron ɗakin ya fito a dushe.

Fara duba lambar LRV a katin launin, wato lambar da ke nuna yawan hasken da fenti ke mayarwa, daga 0 (baƙi) zuwa 100 (fari). Tsakanin 40 da 60 shi ne matsakaici. Kada ki yarda da katin kaɗai. Ki shafa fentin sau biyu a kwali mai faɗin rabin mita, ki jingina shi a kowane bango, ki duba safe da dare. Irin wannan launi yana ɓoye ja, rawaya ko kore, hasken ɗaki ne ke tona shi. Ƙwan lantarki mai haske rawaya-rawaya (2700K zuwa 3000K) yana fito da ɗumin launin, mai farin haske (6500K) kuwa toka-toka zai mayar da shi.

Silin da ƙofofi a yi musu farin madara, fari tas yakan sa bangon ya yi kamar ya yi datti. Labule ko kafet su fi bangon duhu.

Lita ɗaya tana cin murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafi ɗaya, kuma shafi biyu ake yi. Idan bangon yana jiƙewa ko ɓarewa, magini ya fara gyara shi.