Garma ko injin feshi, wanne zan saya in ina so in rage huɗa?

Tambaya: Malam barka da aiki. Kuɗin hannuna ba zai kai garma da injin feshi duka biyu ba. Wasu sun ce in daina juya ƙasa in riƙa shuka kai tsaye wai ciyawa raguwa take, wasu kuma sun ce gonar daji za ta koma. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Ɗan'uwa duk su biyun suna da gaskiya, shekarar da kowa ya duba ce ta bambanta. In ka daina huɗa, yawancin ƙwayoyin ciyawa a saman ƙasa suke tsayawa, cikin santimita 5 na farko, inda haske da danshi ke samunsu, shi ya sa daminar farko da ta biyu za ka ga ciyawa ta yi caa, musamman mai ƙananan iri, har ka fara zargin kanka. Amma fa a saman nan ne kuma ake cinye su. Ka tsuguna da sassafe ka ɗaga tsohon kara, za ka ga tururuwa sun yi layi kowacce da ƙwaya a baki, ga gyare ga ɓeraye ga tsuntsaye, wasu kuma rana da ruwa ne ke ruɓar da su.

Ita garma binne iri take, kuma binnewa ba kisa ba ce, ajiya ce. Wani masani a Mishigan ta Amurka, William Beal, ya binne irin ciyawa cikin kwalabe a 1879, da aka tono ɗaya a 2021 wasu suka tsiro abinsu. To duk huɗar da ka yi kana binne na bana kana tono na shekarun baya.

Sharaɗin ɗaya ne kuma nan mutane ke faɗuwa: kar ka bar ciyawa ta yi 'ya'ya. In ka bar wuta-wuta ta yi fure ta zubar, tushe ɗaya dubban ƙwayoyi yake bayarwa, suna iya wuce shekara 10 a ƙasa suna jira. Ka cire ta kafin nan, ka bar karan amfanin gona a shimfiɗe ya tare haske.

Ni dai in ciyawar gonarka ta shekara-shekara ce, wato wadda da iri take tsirowa ta mutu cikin shekara ɗaya, ka sayi injin feshi. In kuwa tofa ko aya-aya ko kiri-kiri suka cika ta, waɗannan da saiwa suke yaɗuwa, barin huɗa daɗi yake musu, sai ka fara maganinsu tukuna, ka gwada a gefe ɗaya na gonar kafin ka sa duka.

Tambaya: Maganin gilaifoset kawai zan riƙa saye kullum tunda yana kashe komai?

Amsa: A'a Malam. Tun 1996 aka samu ciyawar da ta daina jinsa a Ostireliya, daga baya a Amurka ma haka, kuma dogaro da magani ɗaya shekara da shekaru ne ya jawo. Canza sunan kwalba ba canza magani ba ne, ka karanta sinadarin da ke jikin takardar. Ka riƙa sauya shi, ka sauya abin da kake shukawa, wadda ta tsira bayan feshi kuma ka bi ta da fartanya kafin ta yi iri.