Tayil ya ɓace, bango ya yi shuɗi a SketchUp

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zana wa mutane gidaje da manhajar SketchUp. Na shimfiɗa tayil a falo, na shafa wa bango fenti, amma da na buɗe aikin a gaban mai gida sai tayil ɗin ya koma launi guda babu ado, wasu bangaye suka yi shuɗi-shuɗi, daɓen kuma yana ta ƙyalli idan na juya zanen. Ko kwamfutata ce ta gaza? Daga mai zanen gidaje, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi saurin ɗora wa kwamfuta laifi, domin abubuwa uku ne daban suka haɗu maka. Na tayil shi ne mafi sauƙi: ka shiga View, sannan Face Style, ka zaɓi Shaded With Textures, saboda Shaded kaɗai launi yake nunawa, ba ya nuna ado.

Shuɗin bango ne ya fi buƙatar natsuwa. Kowace fuska a wannan manhaja, wato shimfiɗaɗɗen gefe kamar na bango ko daɓe, tana da gaba da baya, gaban fari ne, bayan kuma shuɗi mai ratsin toka, don haka bangon da ka gani bayansa ne ya juyo waje. Ka koma Face Style ka zaɓi Monochrome domin ka ga duk fuskokin da suka juya, ka danna kowace da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Reverse Faces, sannan ka sake shafa fentin. Masu zane da yawa sukan rufe shuɗin da fenti su wuce, kuma a ganina wannan ɓoye ciwo ne, domin wasu manhajojin fitar da hoto ba sa nuna bayan fuska sam, sai ka tarar da rami a inda ka gina bango.

Ƙyallin daɓe kuwa fuska biyu ne suka kwanta a wuri ɗaya, kwamfuta ta rasa wadda za ta nuna. Ka goge ɗaya, ko ka ba tayil ɗin kaurinsa na gaskiya, misali santimita 1. Idan ka yi duk wannan abin bai gyaru ba, a lokacin ne za ka sabunta manhajar da ke sarrafa katin hoton kwamfutarka.